Shi Yana Da Ita, Ni Ba Ni Da Ita: Yadda Muke Zaman Aure Da HIV A Gadarif

A garin Gadarif na ƙasar Sudan muke zaune, kuma tun 2016 na san maigidana yana ɗauke da HIV, ƙwayar cutar da take kai mutum ga ƙanjamau. Har yau ɗakinmu ɗaya, akushinmu ɗaya, kuma na haifa masa yara biyu bayan mun sani. Duk gwajin da aka yi mini bai nuna komai ba, haka na yaran. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne matan da ma'aikaciyar cibiyar magani take turo mini da yardata. Sukan zo bayan magariba, su yi sallama ƙasa-ƙasa, su zauna a bakin gado su rasa ta inda za su fara. Komai kewaye-kewayensu tambayar ɗaya ce: an ce ɗayanmu yana da ita ɗaya ba shi da ita, to auren ya mutu ke nan? Bai mutu ba. Amma riƙe shi yana da ƙa'ida, kuma ita zan faɗa kamar yadda muka bi ta.

Mu ta hanyar tari muka gano. Lokacin kakar riɗi ne, yana awon buhuna a kasuwar amfanin gona, tari ya riƙe shi fiye da wata guda, ga zufar dare, ga rama har wandonsa ya yi masa yawa. Aka ce tarin fuka ne. Duk mai tarin fuka ana yi masa tayin gwajin HIV, domin cututtukan biyu abokan tafiya ne. Ranar da ya karɓo sakamako na ajiye masa kisra da miyar busasshiyar kuɓewa, ko murfin bai ɗaga ba. Sai bayan isha'i ya ce, "Zo ki zauna, akwai magana." Ya faɗa mini kansa a sunkuye. Na ce, "Malam, ni fa? 'Yarmu fa?" Ya ce, "Gobe in Allah ya kai mu tare za mu je."

Wannan zuwa tare shi ne abin da nake fara gaya wa kowa. Ku ji sakamako a gaban juna, daga bakin ma'aikacin da ya san aikinsa. Wanda ya ji nasa shi kaɗai yakan yi wata da watanni da maganar a ciki, kuma a irin waɗannan watannin ake shafa wa abokin zama. Ni aka soki yatsana, aka ɗiga jini a ɗan tsinken gwaji, muka zuba masa ido kusan minti 20. Layi ɗaya ya fito, ma'ana babu. Ma'aikaciyar ta dafa ni ta ce, "'Yar'uwa, kada ki saki jiki tukuna, ki dawo bayan wata uku." Dalili kuwa, wannan gwajin na gaggawa martanin jiki yake nema, shi kuma martanin yana iya ɗaukar har wata uku kafin ya bayyana. Idan layi biyu ne, ba a yanke hukunci da tsinke ɗaya, sai an maimaita da wasu iri daban.

Abin da ya fi ruɗa mutane shi ne yadda za a shekara shida ana kwanciyar aure, kamar mu, ɗaya ya tsira. Daga nan wasu suke cewa gwajin ƙarya ne, wasu su ce jininsu ya fi ƙarfin cutar. Duka biyun kuskure ne mai kai mutum ya baro. Ba kowace saduwa ce take watsa HIV ba. Ƙiyasin hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ya nuna, in babu magani babu kwaroron roba, a saduwa 10,000 mace takan ɗauka a kamar sau 8, namiji kuma kamar sau 4. Ta dubura, wadda addini ma ya hana, lissafin ya haura zuwa 138. Kada ƙanƙantar adadin ta yaudare ki. Tulun da yake zuwa rijiya kullum wata rana zai fashe, kuma haɗarin yana ninkawa a makonnin farko da mutum ya kamu, da lokacin da ciwo ya ci ƙarfinsa, da kuma in akwai gyambo ko ciwon sanyi ko tunjere a gaban ɗayanku. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Saboda haka duk ƙaiƙayi, ƙuraje ko fitar ruwa mai wari, ku je asibiti ku biyu a yi muku magani lokaci ɗaya. Ku kuma mata, a bar cusa kayan matsi. Suna busar da wurin, fata ta tsattsage, ƙofa ta buɗe.

Sai maganar zargi, wadda ta fi cutar kanta saurin kashe aure. Takardar gwaji ba ta faɗin ranar da mutum ya kamu, ba ta faɗin ta wace hanya. Mutum yana iya yin shekara 8 zuwa 10 da ita yana cin tuwonsa yana aikinsa, babu alamar komai. Maigidana ya yi aure kafin ni, matar ta rasu bayan doguwar jinya, ba a taɓa yi mata gwaji ba. Wata an ƙara mata jini a haihuwa, wani an yi masa allura da sirinjin da aka soka wa wani. Akwai kuma wanda da gaske ya kauce hanya. In za ki tambaya ki tambaya sau ɗaya, ki ji amsa, sannan ki zaɓa. Wadda ta ga ba za ta iya ba tana da haƙƙin neman rabuwa, ban taɓa ganin laifinta ba. Amma wadda ta zauna, kada ta mayar da gorin ya zama abincin dare. Na ga namijin da ya daina shan magani saboda kullum ya ɗauko kwalbar sai an yi masa habaici.

Hanyoyin da HIV take bi ba su da yawa: jini, maniyyi, ruwan gaban mace, da nonon uwa. Daga nan aka sami saduwa, da allura ko reza ko askar da ta taɓa jinin wani, da ƙarin jinin da ba a tantance ba, da uwa zuwa ɗa a lokacin ciki ko haihuwa ko shayarwa. A gidanmu kowa da rezarsa da buroshinsa da abin yanke farcensa. In za a kira wanzami, don aski ne ko ƙaho ko kaciyar yaro, sabuwar reza muke saya a ɓare ta a gabanmu. Masu hijama sun yawaita, to a tabbata kofunan da abin tsagar na amfani ɗaya ne a jefar. In ya yanke, shi yake danne ciwonsa ya ɗaure, inda jini ya zuba kuma a wanke da ruwan kulorin.

Ban da waɗannan, a saki jiki. Ba a ɗauka ta yawu, ko zufa, ko hawaye, ko musabaha, ko bayan gida, ko buta, ko cizon sauro, ko cin abinci a kwano ɗaya. Na san wannan tun ranar farko domin an gaya mini, amma tsoro bai san karatu ba. A makonnin farko na ware masa finjali guda mai ɗan tabo a baki, shi nake miƙa masa duk sanda na dafa jabana, wato gahawa. Ina ganin bai lura ba. Wata rana da la'asar ya karɓa, ya juya shi a hannunsa, ya ce, "Wannan ne nawa yanzu?" Bai ƙara komai ba. A daren na mayar da finjalin cikin 'yan'uwansa. Kada ki yi abin da na yi, kada kuma ki bari yara su ga ana ware wa ubansu ko uwarsu kwano.

Yanzu ga ginshiƙin maganar. Abin da yake kare wanda ba shi da cutar, fiye da komai, shi ne maganin da mai cutar yake sha. Maganin ba ya kashe HIV ya raba ta da jiki, amma yana hana ta hayayyafa, har yawanta a jini ya faɗi ƙasa warwas, na'ura ma ta kasa ganinta. Garkuwar jiki ta farfaɗo, mutum bai kai ga matakin ƙanjamau ba. Wanda kuwa cutar ta kwanta haka a jininsa ba ya shafa wa abokin kwanciyarsa. Wannan ba kwantar da hankali ba ne. A 2011 aka bayyana sakamakon bincike kan ma'aurata 1,763 irinmu a ƙasashe 9, aka ga fara magani da wuri ya rage yaɗuwa da kashi 96 cikin ɗari. A 2016 wani binciken a Turai ya bi ma'aurata 888 waɗanda cutar ta riga ta kwanta a jinin mai ita, suka sadu kusan sau 58,000 ba kwaroro, ba a sami ko mutum ɗaya da ya ɗauka daga abokin zamansa ba. Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk wanda aka samu da HIV a fara ba shi magani, ba sai ya kwanta ba. A cibiyoyin gwamnati a nan Sudan kyauta ake bayarwa.

To amma akwai tsari. Daga ranar da aka fara magani a ƙirga wata shida, sannan a yi gwajin ƙidayar ƙwayar cutar a jini. Lambar da za ki riƙe ita ce 200. In takarda ta nuna ƙasa da 200, ko aka rubuta ba a gani ba, an isa tudun mun tsira matuƙar ana ci gaba da sha. A sake gwajin a wata na 12, daga nan shekara-shekara. Ki nemi ganin takardar da idonki, ba rashin yarda ba ne, lafiyarki ce a rubuce. Kyan jiki da ƙiba ba sa maye gurbin wannan gwajin. In na'urar ba ta aiki a garinku, kamar yadda ya sha faruwa tun da aka fara yaƙi, a ci gaba da kariya har a samu.

Kariyar waɗannan watannin ita ce kwaroron roba, kowace saduwa, tun daga fari har ƙarshe. Na san maza ba sa so, nawa ma bai so ba, amma ya yi. A duba kwanan watan da yake jikin ledar, kada a ajiye shi inda rana take duka ko a aljihun mota. Kada a shafa masa man riɗi ko Vaseline ko wani mai, domin mai yana cinye robar ta fashe. In ya fashe kuma cutar ba ta riga ta kwanta ba, akwai maganin gaggawa: a garzaya asibiti kafin awa 72, gwargwadon sauri gwargwadon amfani, a sha kwana 28 ba fashi. Akwai kuma ƙwayar rigakafi da marar cutar zai riƙa sha kullum, mai tenofobir a ciki, wadda aka gwada a kan ma'aurata fiye da 4,700 a Kenya da Yuganda aka ga tana karewa sosai ga wanda bai yi wasa da ita ba. Ki tambaya ko cibiyarku tana da ita. Sai an tabbatar ba ki da cutar kafin a ba ki, kuma kada ki ɗebi maganin mijinki ki ce rigakafi kike yi. Mazanmu masu kaciya ne, kaciya kuwa tana rage wa namiji haɗarin ɗauka daga mace da kusan kashi 60 cikin ɗari, amma ragi ne kawai, kuma ba ta kare matar mai cutar da komai.

Shan magani kullum ya fi faɗinsa wuya, nan ne abokin zama yake da aiki. Yanzu yawanci ƙwaya ɗaya ce a rana mai haɗe da magani uku: tenofobir, lamibudin da dolutegirabir. Mu mun ɗaure ta da sallar isha'i. Yana shigowa daga masallaci zai tarar da kofin ruwa a kan tebur, ba na cewa komai, kofin ne yake magana. Da yake da dare ne, azumin Ramadan bai taɓa rikita mana lissafi ba. In an manta aka tuna a sha nan take, amma in lokacin na gaba ya kusa kada a haɗa biyu. Maganin ƙarin jini mai ƙarfe, da na ƙashi, da farin ruwan nan na gyambon ciki suna riƙe dolutegirabir a hanji su hana shi shiga jini, don haka a sha shi awa biyu kafin su ko awa shida bayansu. Mai shan maganin tarin fuka ya gaya wa likita, domin akwai ƙarin da ake yi masa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, duk abin da ake sha a faɗa, har jiƙe-jiƙe.

Haɗari mafi girma yana zuwa ne lokacin da lafiya ta samu. Mutum ya murmure, kumatu su fito, sai wani ya zo da jarka ya ce ga sassaƙen da yake warkarwa gaba ɗaya, a ajiye na asibiti a gani. An kawo mana irin wannan har gida, kuma ɗan'uwa ne na jini ya kawo, da kyakkyawar niyya. Na ce masa, "Yaya, mun gode, addu'a muna so, zuma da habbatus sauda ma muna sha, amma kwalbar nan ba za a ajiye ta ba." Wanda ya daina, cikin makonni kaɗan cutar take dawowa jininsa, tana iya koyon jure maganin, matarsa kuma ta koma cikin haɗari ba ta sani ba. In yana da ciwon hanta nau'in B, dainawar tana iya tayar masa da shi, domin maganin nan yana danne shi ma.

Batun haihuwa kuwa, shi ya fi sa mata kuka a ɗakina, alhali ya fi sauƙi a kan yadda suke zato. Jariri daga uwa yake ɗauka. In mijin ne mai cutar, a jira takarda ta nuna ta kwanta, sannan a ajiye kwaroro a nemi rabo. Haka muka yi. Da na sami ciki aka gwada ni a farkon awo, aka sake a watannin ƙarshe, aka sake ina shayarwa, saboda macen da ta kamu a wannan tsakanin ita ta fi saurin ba ɗanta. In matar ce mai cutar, in ba magani yara 15 zuwa 45 cikin ɗari sukan ɗauka, da magani kuwa adadin yana sauka ƙasa da 5. Ta ci gaba da shan nata, ta haihu a asibiti, ta faɗa wa ungozoma gaskiya. Ana ba jaririn ruwan magani na kusan mako shida, a gwada shi yana mako shida, a bi shi da gwaji har bayan yaye. Wata shida na farko nono zalla, ba ruwa, ba rubutu, ba jiƙo, ko da kakarsa ce ta kawo.

Gidan da yake da mace fiye da ɗaya, kowacce sai ta sani kuma an gwada ta. Ba a rufa wa uwargida a bar amarya cikin duhu, ko a yi akasin haka. Namijin da zai ƙara aure, da bazawarar da za ta sake, a faɗa kafin a shafa fatiha. Ɓoyewa cutarwa ce, addini kuwa ya hana cuta da cutarwa. Amma bayan abokin kwanciya da likita, ba wanda ya zama dole ya ji. Mu yayata kaɗai muka gaya wa da farko, domin a sami mai tsaya mana in wani abu ya faru. Masu shirin tsallaka teku daga Sawakin zuwa Jidda neman aiki su sani ana gwajin HIV kafin a ba da iƙama, wato takardar izinin zama, kuma tun 2008 Saudiyya ta sa shi cikin gwajin kafin aure na 'yan ƙasarta. Gara mutum ya san matsayinsa a gida kafin ya sayar da gona ya biya kuɗin biza.

Yaƙin da ya ɓarke a Hartum ranar 15 ga Afrilu 2023 ya ƙara mana wani darasi. Da birnin Madani ya faɗi a Disamban shekarar, Gadarif ta cika maƙil, makarantu suka zama masauki. Aka turo mini wata matashiya da goyo, ita ce mai cutar, mijinta ba shi da ita. Da zanin jikinta ta gudo, kwalbar da katin duk suna can. Ta yi kwana 19 ba magani tana shayarwa, kunya ta hana ta tambaya a garin da ba ta san kowa ba. Na ce, "Ƙanwata, me ya hana ki magana tun ranar da kika sauka?" Ta ce, "Yaya, wa zan tunkara?" Ba ta san sunan maganinta ba, sai launin murfin kwalbar. Da safe na raka ta, aka buɗe mata sabon kati, aka gwada yaron, aka ce ita da mijin su koma kwaroro har sai an sake ƙidaya.

Tun daga ranar nake gaya wa kowa, ba a fafe gora ranar tafiya. Ki ɗauki hoton katin da na jikin kwalbar a waya, ki kuma rubuta sunan maganin da lambar katin a takarda ki cusa cikin jakar da take ɗauke da takardun gida. Ku biyu ku haddace sunan. In ma'aikata sun ga mutum yana sha yadda ya kamata, ya roƙi a ba shi na wata uku ko fiye a lokaci guda, kuma ya koma karɓa tun da sauran na mako biyu. Kada a raba ƙwaya biyu ko a riƙa tsallake rana don ta daɗe, kada kuma mutum biyu su raba rabon mutum ɗaya ba da sanin cibiya ba. Zafin garin nan yana haura digiri 40, maganin kuwa ba ya son ya wuce 30, don haka a bar shi a kwalbarsa tare da 'yar jakar nan mai tsotse laima, a rufe gam. Tamu tana cikin gwangwanin madara a lungun da randa take, a ƙasa inda sanyi yake, an ɗora shi a kan bulo saboda kada ruwa ya taɓa shi. Duk garin da kuka sauka, Kasala ne ko Bur Sudan ko Damazin, kafin a nemi ɗakin haya a nemi babban asibitin garin a tambayi inda ake ba da maganin.